Furuno a cimar yau da kullum: ƙwaya nawa, ga wa, kuma me yake yi wa hanji da ƙashi

A Yamai mutane da yawa na fama da taurin bayan gida a ɓoye, saboda magana ce da ake jin nauyin faɗa. Dalilan kuwa a fili suke. Da safe burodi da shayi, da rana farar shinkafa ko taliya, sannan zaman ofis ko shago yini guda. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40: jiki na zubar da ruwa ta zufa, babban hanji kuma ya tsotse ruwan da ke cikin bayan gida don ya cike giɓin, abin da ya rage ya bushe ya yi tauri. Daga nan sai a nemi filasko ko ƙwayar wankin ciki a farmasi, a sha murɗa, ciki ya buɗe kwana ɗaya, bayan kwana uku a koma gidan jiya. Yawan nishi a makewayi kuma shi ke tayar da basir.

Wannan ne ya sa wasu ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar furuno, busasshen ɗan itacen nan baƙi mai tamoji da ake gani a manyan kantuna, cikin leda mai rubutun Pruneaux. Shawarar tana da tushe. Sai dai furuno abinci ne mai ma'auni. Wanda ya ci kaɗan ba tare da ruwa ba ba zai ga komai ba, wanda ya cika baki ranar farko zai kwana yana zaryar makewayi, akwai kuma masu ciwon da bai kamata su fara ba sai sun tambayi likita.

Daga ina yake zuwa

Itacensa na ƙasashen sanyi ne, sai ya sha hunturu sosai kafin ya yi fure, don haka ba ya yi a ƙasarmu. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Agen a kudu maso yammacin Faransa, wanda Tarayyar Turai ta ba shaidar kare sunansa a 2002. Daga Faransa aka kai irin Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1850, yanzu kuma Kalifoniya da Chile da Ajantina na cikin manyan masu nomansa. Ana shanya ɗanyen a cikin tanda mai zafin kusan digiri 75 na wajen awa 20 zuwa 24, kilo 3 ko fiye na ɗanye ya koma kilo 1. Kafin a sa a leda sai a sake ba shi ɗan ruwa ya yi laushi, har damshinsa ya kai kusan kashi 35 cikin 100. A riƙe wannan adadin, domin shi ne dalilin da ya sa furuno ba ya jure ajiya irin ta busasshen dabino.

A giram 100 na marar ƙwallo akwai kalori kusan 240, sukari giram 38, fayiba giram 7, potasiyam miligiram 730, bitamin K maikirogiram 60, da sobitol kusan giram 15. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini bai kai miligiram 1 ba, saboda haka maganar da ake yaɗawa cewa furuno maganin ƙarancin jini ne ba ta da ƙarfi. Hanta da nama da wake sun fi shi nesa ba kusa ba.

Aikinsa a hanji

Abubuwa biyu ne ke tafe tare. Na farko fayiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusar gero da ɓawon wake. Wani nau'insa yana jiƙa ya yi yauƙi ya riƙe ruwa, wani kuma yana ƙara wa bayan gida auki, hanji ya ji akwai abin turawa. Furuno na da nau'in biyu.

Na biyu, wanda shi ne ya bambanta shi da yawancin ƴaƴan itace, sobitol ne. Wani irin zaƙi ne da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa duka. Abin da ya tsallake sai ya gangara babban hanji, ya jawo ruwa zuwa cikinsa, bayan gida ya yi laushi. Ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke zaune a hanji kuma su ci ragowar, su fitar da iska. Ka ga amfanin da illar daga tushe ɗaya suke: ruwan da ke tausasa bayan gida shi ne idan ya yi yawa yake zama zawo, iskar kuma ita ce kumburin ciki. A wajen mutane da yawa, giram 10 na sobitol a zama ɗaya ya isa ya sa kumburi, giram 20 kuma ya kawo murɗa da gudawa. Furuno 5 zuwa 6, wato giram 50, na ɗauke da kusan giram 7. Wannan lissafin kaɗai ya bayyana dalilin da ya sa ake raba cinsa kashi biyu a yini.

Filasko ba haka yake aiki ba. Shi tsokanar bangon hanji yake yi ya matsa da ƙarfi, shi ya sa yake da murɗa. Yana da ranarsa, amma ba abin sha kullum ba ne.

An gwada furuno a kan mutane. A wani gwaji da aka wallafa a 2011, masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka sun ɗauki mutum 40 masu taurin bayan gida. Kowa ya yi mako 3 yana cin giram 50 sau biyu a rana, ya kuma yi mako 3 yana shan garin siliyam, wato ɓawon wani iri mai yawan fayiba, wanda likitoci suka saba rubutawa don wannan matsala. An daidaita fayibar, giram 6 a rana a kowane ɓangare. Da furuno, fitar bayan gida mai gamsarwa ta kai kusan sau 3.5 a mako, da siliyam kuma sau 2.8, laushin ma na furuno ya fi. Tunda adadin fayibar ɗaya ne, mai yiwuwa ratar ta zo ne daga sauran abin da furuno ya ƙunsa, musamman sobitol. A 2012 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, wadda ba ta cika amincewa da iƙirarin masu sayar da abinci ba, ta yarda cewa giram 100 a rana na taimaka wa hanji ya yi aikinsa yadda ya kamata. Wani gwaji a King's College ta Landan, da aka wallafa a 2019, ya bi mutum 120 masu ƙarancin fayiba a cimarsu na mako 4. Waɗanda suka ci giram 80 ko 120 a rana sun sami ƙarin yawan bayan gida da ƙarin fita, amma iska ma ta ƙaru.

Abu ɗaya da ya kamata a gyara a tunani: ba dole ne mutum ya fita kullum ba. Daga sau 3 a rana zuwa sau 3 a mako duk lafiya ne, muddin yana fita da laushi ba tare da nishi ba. Wanda yake haka ba ya buƙatar wankin ciki, ko na gargajiya ko na farmasi.

Batun ƙashi

Bayan haila ta ɗauke, ƙashin mace yana raguwa da sauri, har faɗuwa kaɗan a tsakar gida ta iya karya ƙugu ko wuyan hannu. Gwaji mafi girma a kan furuno da ƙashi shi ne na Jami'ar jihar Pensilbaniya, wanda aka wallafa a 2022: mata 235 da haila ta ɗauke musu, shekara guda cur. Waɗanda ba su ci ba, kaurin ƙashin ƙugunsu ya ragu da kusan kashi 1 cikin 100. Waɗanda suka ci giram 50 a rana kusan nasu bai motsa ba. Rukunin giram 100 kuwa, da yawa sun janye kafin shekara ta cika, abin da ke nuna cewa ƙwaya 10 zuwa 12 kullum ba kowa ke iya jurewa ba.

Sakamako ne mai kyau, amma a san iyakarsa. Dukkan matan an cike musu kalsiyam da bitamin D, furuno ƙari ne a kai. An auna kaurin ƙashi ne, ba a ƙirga karaya ba. Ƙashin kuma bai ƙaru ba, raguwarsa ce aka rage. Sannan hukumar manoman furuno ta Kalifoniya ce ta ɗauki nauyin aikin, wanda bai soke shi ba amma ya isa a yi taka-tsantsan da masu talla. A ganinmu, uwa ko kakar da likita ya tabbatar ƙashinta ya yi rauni ba za ta ajiye magani ta kama furuno ba. Nono da kindirmo da miyar kuka da zogale, da tafiya a ƙasa kullum, su ne gaba.

Yadda ake farawa

Kwana 3 ko 4 na farko, ƙwaya 2 kawai a rana, tare da babban kofin ruwa. Idan ciki bai yi ƙugi ba, a koma 3 ko 4 na wasu kwanaki, sannan 5 zuwa 6, wato giram 50. Ga mafi yawan mutane nan ya kamata a tsaya. Wanda taurin nasa ya daɗe, kuma ya yi mako 2 a kan giram 50 bai ga sauyi ba, zai iya hawa a hankali zuwa 10, rabi da safe rabi da yamma. Idan bayan gida ya fara ruwa-ruwa, a rage ƙwaya 2 a dakata a nan. Kumburin kwanakin farko yakan lafa da kansa idan hanji ya saba, amma ba ga wanda ya yi tsalle daga 2 zuwa 10 ba.

Ba ya aiki cikin awa ɗaya. A ba shi kwana 2 ko 3, a yi masa hukunci bayan mako 2.

Ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Fayiba ba tare da ruwa ba tana iya ƙara cushe ciki. A lokacin zafi babu adadin lita ɗaya da ya dace da kowa, mai aiki a rana da mai zama a inuwa ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi ja ko rawaya mai duhu, ruwan bai isa ba.

Ana iya cinsa haka nan. Ga tsofaffi masu raunin haƙori, ko idan ya bushe, a zuba wa ƙwaya 5 tafasasshen ruwa rabin kofi, a rufe minti 20 zuwa 30, a ci a kuma shanye ruwan, domin wani ɓangare na sobitol ya fita cikinsa. Jiƙon kwana da ake karantawa a rubuce-rubucen Turai na masu sanyi ne. A ɗakin da ke digiri 35 da dare, ruwa mai zaƙi kan fara tsami kafin safiya, don haka in za a kwana da shi sai a firigo. A yanka shi ƙanana a zuba a kunun gero ko koko ko kindirmo, a bar sukarin da aka saba sawa, shi ya maye gurbinsa. Yana shiga miyar naman rago ma, kamar yadda mutanen Maroko da Aljeriya ke yi, a sa shi minti 15 kafin saukewa don kada ya narke. Ruwansa na kwalba yana da sobitol amma an tace yawancin fayibar, kuma sukarinsa ya fi saurin shiga jini. Ɗan itacen ya fi.

Yana manne wa haƙori. A kurkure baki ko a yi asuwaki bayan an ci, musamman yara, musamman da dare.

A watan azumi taurin ciki ya fi yawa, kuma furuno na da amfani, da sharaɗin kada a fara gwada shi a sahur. Mutumin da bai saba ba ya ci ƙwaya 8 da asuba, zawo ya same shi da hantsi, ga shi ba damar shan ruwa har magariba, wannan haɗari ne a zafin Yamai. A fara da 2 ko 3 bayan buɗa baki, lokacin da ake da dare guda na shan ruwa. Kuma a tuna an riga an ci dabino, an sha kunu da lemo mai sukari.

Saye da ajiya

A duba bayan leda. Abin da ya kamata a gani a jerin kayan haɗi shi ne furuno, sai wataƙila sinadarin hana ruɓewa mai lamba E202, wanda aka saba sawa saboda damshin. Idan an rubuta sukari ko siro, a bar shi. Akwai kuma wanda ake jiƙawa a barasa, galibi cikin kwalba, da rubutun Armagnac a jiki. Musulmi ya lura. Rubutun dénoyautés na nufin an cire ƙwallo. Mai ƙwallo yakan fi araha a ido, amma har da nauyin ƙwallon ka biya. Lambobi irin 33/44 ko 44/55 a ledar Faransa adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 500 ne, ƙaramar lamba manyan ƙwayoyi. Wanda ya sayi manya, 4 na iya kai masa giram 50. Ko a cikin wanda aka cire wa ƙwallo akan sami ɓarɓashi, don haka a latsa da yatsa kafin a ba yaro ko tsoho. Kada a fasa ƙwallon a ci abin da ke ciki, yana ɗauke da sinadarin da ke komawa guba a jiki.

Da zarar an buɗe leda, a juye a gwangwani ko kwalba mai murfi, a sa a firigo. Inda kuran ke yawan ɗaukewa, gara a sayi ƙaramar leda ta giram 250, wadda mutum ɗaya zai cinye cikin kwana 5. Da hunturu matsalar bushewa ce, ruwan zafi na gyara ta. Da damina matsalar fumfuna ce, ita kuma ba ta da gyara. A bambance abu biyu: farin ɓarɓashi mai ƙyalli da ke narkewa idan an murza da jiƙaƙƙen yatsa sukarinsa ne ya fito, ba komai. Fari ko kore mai gashi-gashi, ko warin tsami kamar na giya, ko leda ta kumbura, a zubar da duka.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon sukari yakan ji an ce furuno ba ya ɗaga sukari da sauri. Gaskiya ne, ma'auninsa na saurin ɗaga sukari kusan 29 ne cikin 100, ƙasa da burodi da farar shinkafa sosai. Amma ƙwaya 5 zuwa 6 na da sukari kusan giram 19, wato kusan ƙaramin cokali 5, da kalori 120. Ya tsaya a 2 ko 3, tare da abinci, a madadin wani zaƙin, ya kuma auna sukarinsa awa 2 bayan ci a kwanakin farko.

Mai ciwon ƙoda, musamman wanda ake wa wankin ƙoda, kada ya fara sai da izinin likitansa. Giram 50 na da potasiyam sama da miligiram 350, ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, taruwarsa kuma tana rikita bugun zuciya. Masu shan wasu magungunan hawan jini da zuciya, irin su captopril da enalapril da spironolactone, su ma su tambaya, domin waɗannan na riƙe potasiyam a jiki. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarine ko Sintrom, bitamin K na rage wa maganinsa ƙarfi. Ba a hana shi ci ba, amma adadin ya zama ɗaya kullum, kuma likita ya sani don a duba awon jininsa.

Wanda cikinsa dama mai saurin kumburi ne da murɗa, ko mai yawan zawo, sobitol zai ƙara masa.

Mai juna biyu tana cikin waɗanda suka fi amfana, tunda ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awon ciki tana ɗaure ciki, wasu har su daina sha saboda haka. Kada a daina. Gara a ci gaba da shanta, a haɗa da ƙwaya 3 zuwa 5 na furuno da ruwa. Jariri ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai. Bayan wata 6 ana iya dafa ƙwaya 1 ko 2 a murje su lilis, a ba shi ƙaramin cokali 1 ko 2. Guda sukutum kuwa ba a ba ƙaramin yaro, yana iya shaƙe shi.

Lissafin aljihu

Giram 50 kullum kilo 1 da rabi ne a wata, leda 6 ta giram 250, ga mutum ɗaya. Kaya ne da ya ƙetaro teku ya kuma hau mota mai nisa kafin ya iso, don haka ba kowane gida zai iya ba, kuma babu dalilin da zai sa a matsa wa kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na fayiba a rana. Furuno 5 zuwa 6 giram 3 da rabi kawai suke bayarwa. Sauran dole daga tukunya zai fito, kuma kasuwannin Katako da Wadata cike suke da shi. Dafaffen wake giram 100 na da sama da giram 6. Garin ƴaƴan kuka kusan rabin nauyinsa fayiba ne. Ga kuɓewa, ga kwaɗon zogale, ga tuwon gero da dawa da ba a surfe su fes ba, ga goruba da magarya. Jiƙon tsamiya na sassauta ciki a hankali. Dabinon Ingal ko na Aljeriya fayibarsa ta yi daidai da ta furuno, sai dai sukarinsa ya haura giram 60 a giram 100, kuma ba shi da sobitol mai yawa irin na furuno. Saboda haka inda kuɗi ya yi kaɗan, a bar furuno ga waɗanda suka fi buƙatarsa: tsoho mai taurin ciki, mai juna biyu da ke shan ƙwayar jini, wanda basir ya tasar wa, ko wanda ke kwance bayan aikin tiyata idan likita ya yarda. Sauran gida wake da kuka sun ishe su.

A kuma binciki magungunan da ake sha. Tramol da kodin suna ɗaure hanji sosai, haka wasu magungunan gyambon ciki masu alminiyam. Muddin ana shansu, furuno kaɗai ba zai warware matsalar ba.

Akwai taurin cikin da ba na abinci ba ne. Jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin ga wanda ba ya shan ƙwayar jini, rama ba dalili, sauyin fita da ya zo wa mai shekara 45 ko fiye haka kwatsam ya kuma wuce mako 3, duk waɗannan na buƙatar likita ya duba. Idan kuwa ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ga ciwo, ko iska ba ta fita, wataƙila hanji ne ya toshe. A nan ba a ba da furuno, ba a ba da filasko, ba a ba da abinci; a kai shi asibiti a ranar.